Shekarar da Muka Turke Jirgi

Yanzu in mutum ya tsaya a bakin gulbi wajen tungarmu ta masunta da hantsi, abin da zai fara cika masa kunne ƙarar inji ce. Injin jirgi a kan ruwa, injin ban ruwa a fadama, ga babura a kan gaɓa suna jiran masu sauka. Samarin da ke tuƙa jiragen a zaune suke, hannu ɗaya a kan inji, ɗaya riƙe da waya, kuma tafiyar kasuwar Lolo da a da take cinye rabin wuni suna gama ta tun rana ba ta yi zafi ba. Ban ce sun yi laifi ba. Amma da na je bana, na bi gaɓar da ido daga wannan gefe zuwa wancan, ban ga sandar tuƙi ko ɗaya a kafe ba. Na tambayi wani saurayi ko ya iya tuƙa jirgi a tsaye, da sanda, ya dube ni cikin ladabi ya ce a kan me zai wahalar da kansa. Ni ma dai ban taɓa iyawa ba. Ƙanena Arzika ne ya iya, kuma na daɗe ƙwarai ban yafe masa wannan iyawar ba.

Mu ba mutanen ruwa ba ne. A tudu aka haife mu, wani ƙauye can bayan Kende, inda ruwa yake a ƙasan rijiya sai an zura guga, kuma duk abin da ya fi ƙarfin kai jaki ne ke ɗaukarsa. Ni ne ɗan fari a gidanmu, wanda ya tashi a wancan zamani kuwa ya san abin da hakan yake nufi. Babanmu bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" yake cewa, in kuma yana magana da Inna ya ce "yaron nan". Bai taɓa ɗora ni a cinya ba, in baƙo ya yabe ni sai ya kau da kai ya kama wata magana. Ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce, haka shi ma aka yi masa. Arzika, da yake a bayana ya zo, ana kiran sunansa har da jan ƙarshensa, yana hawa bayan Baba yana cire masa hula. A tudu wannan bai dame ni ba, don ina da abin da Arzika ba shi da shi. Jakin gidanmu a hannuna yake. Ni nake ba shi dusa, ni nake ɗora masa akumari da mangala, ni nake turke shi da yamma, ranar kasuwa kuma ni nake kora shi a gaba, Baba yana biye. A wannan hanyar kaɗai nake samun ubana. Ba ya magana da ni kai tsaye, da jakin yake yi. Sai ya ce jakin nan ya gaji, ya kamata a tsaya gindin tsamiya a sha fura, ko ya ce jakin nan yau ya yi ƙoƙari. Ni da jakin duka mun san wanda ake nufi.

Gonarmu ce ta gaji. Ƙuduji ya kama ta, shekara bayan shekara geron yana fitowa siriri, zangarniya kamar yatsa. Wani abokin Baba ya ba shi labarin wata tunga a bakin gulbin Kwara, inda mai gari yake ba baƙo fadama in zai iya share ta. Da bazara muka ɗaure kaya, muka bar sauran geronmu a rumbun ƙanen Baba, muka kama hanyar yamma. Ranar da na fara ganin gulbin na ɗauka sama ce ta faɗo ƙasa. Inna ta tsaya ta yi salati, ta ce ita ba za ta kwana kusa da wannan abu ba. Ta kwana, ta kuma ƙare rayuwarta a can.

Komai na tungar daban yake, kuma duk bambancin a kaina na ji shi. A ƙauyenmu sautin daka ne ke tashin mutum da asuba, a nan kuwa ƙarar ƙoƙo ce, masunta suna kwarfe ruwa daga jirage kafin su fita. Warin hayaƙin kifi ya shiga zana, ya shiga tabarma, ya shiga rigar da aka wanke. Mutane ba sa magana a hankali, sun saba kiran juna daga gaɓa zuwa tsakiyar ruwa, rabin maganar kuma Dandanci ne, yaren mutanen wurin, in sun juyo Hausa ma sai ka kasa kunne sosai. Ba a yin kunya a gona, watsa iri ake yi a laka. Ba a cin tuwon gero sai na shinkafa, wanda ni a lokacin nake jin kamar ruwa na sha, kafin la'asar yunwa ta dawo. Inna ta sha wuya kafin ta iya gumi. Takan jiƙa shinkafar, ta turara, ta shanya, sannan ta zuba a turmi ta dake ta da ƙarfin da ta saba dakan gero, ta fito a farfashe, matan maƙwabta su taru suna ba ta haƙuri suna dariya. Ni sauro ne ya karɓe ni. Farkon daminar a kwance na yi shi, jikina yana rawa, ina jin kwaɗi suna kuka kamar a cikin kaina. Da na tashi na fito, sai na tarar an riga ni gari.

Arzika tun ba mu gama ɗaura bunun ɗaki ba ya faɗa ruwa da yaran tungar. Kafin in warke ya iya iyo, ya iya cire ƙayar kifi da harshe ba tare da ya sa hannu ba, yana zagin abokansa da Dandanci suna ramawa. In Baba zai je wurin mai gari, ko wata mata ta zo da magana wurin Inna, sai a ce ina Arzika, ya zo ya fassara. Yaron da a tudu ba a aikensa ko gidan maƙwabta don kada ya tsaya wasa, shi ne ya zama bakin gidanmu. Ina kallonsa yana dawowa da yamma, ƙafafunsa fari fat da busasshiyar laka, yana wata waƙa da ban san ma'anarta ba, sai in kau da kai. Ba ya yi mini gori, wannan ne ma ya fi ciwo. Yakan ce, "Yaya, taho in gwada maka inda ba zurhi." Ni kuwa in ce ina da aiki. Aikin shi ne in je in tsaya kusa da jakin, wanda shi ma ƙudaje sun dame shi, ƙafafunsa sun kumbura da laka, yana ramewa a tsaye.

Da ruwa ya cika ya kewaye tungar, hanyar ƙasa ta yanke, Baba ya ga jaki ba shi da wani amfani a nan. Ya ba da shi ga wasu Fulani masu wucewa, abin da ya samu ya haɗa ya karɓi wani tsohon jirgi a hannun wani dattijo Basarke, masunci na gado, mai gyaran jirage, wanda duk tungar ke kira Kaka. Ba a shawarce ni ba, ba a kuma saba shawartar yaro ba. Na tsaya ina kallo aka kwance igiyar, aka bar mini turken a kafe. Da yamma na je na ciro shi na ɓoye a bayan ɗaki, ban san don me ba.

Jirgin ƙarami ne. In an loda masa kaya mutum biyu yake ɗauka, mai kaya da mai tuƙi, kasuwar Lolo kuwa tana ƙetare, sai an bi gaɓa an haura ruwa sannan a tsallaka. Ke nan ɗayanmu ne zai riƙa raka Baba. A ganina ba abin tattaunawa ba ne, ni ne babba, ni ne abokin tafiyar kasuwa tun a tudu. Ranar da aka fara gwaji a gaban tunga, ba kaya, na karɓi sandar na tsaya a baya kamar yadda na ga ana yi. Na caka ta a ƙasa na tura, jirgin ya juya ya fuskanci inda muka fito. Na sake turawa ya ƙara juyawa. Na fusata na fara maka sandar a ruwa. Kaka yana zaune a gaɓa yana toshe wani jirgi da tsumma, bai ko ɗago kai sosai ba ya ce, "Kai mai jaki, wanga ba ya jin bugu. Lallashinai akai." Yara suka kwashe da dariya. Baba ya ce, "Zamna ka kwarhe ruwa." Na zauna a tsakiya da ƙoƙo a hannu. Arzika ya karɓi sandar da ta ninka shi tsawo, ya jingina jikinsa a kanta kamar mai jin barci, jirgin ya miƙe.

Duk da haka Baba bai yanke magana ba. Shi mutum ne mai tsayawa kan tsari, bai son a ce ƙarami ya hau kan babba. Ya ce wa Inna, a inda zan ji, yaron nan zai koya, a ba shi lokaci, in an gama yankan shinkafa za a ga wanda zai riƙa zuwa. Har kaka ta yi Baba a jirgin maƙwabta yake zuwa kasuwa, namu kuwa a gefen fadama yake yawo, ina koyo ina faɗawa ruwa. Na ɗan samu hannu, ba zan ce ban samu ba. Amma ni tuƙi nake yi ina lissafi, Arzika kuwa yana yi yana kallon tsuntsaye. Na fara neman aibinsa, na kuwa samo ɗaya. In ya kawo jirgi gaɓa, sai ya zagaya igiya sakwa-sakwa a jikin sandar da ya kafa, ya bar ta da tsawo tana jan ruwa, jirgin yana lilo yana bugun na kusa da shi. Ni da na tashi ina turke dabba, wannan a idona sakarci ne. Na riƙe abin a raina ina jiran rana.

Ranar ta zo da sanyi ya shigo. An gama yanka, sama ta yi tas, rabonmu da ganin hadari an daɗe. Saƙo ya zo cewa ƙanen Baba zai yi aure, za mu tafi gida dukanmu har da Inna, mu yi biki, mu ɗebo geron da muka bari. Tafiya ce ta kwanaki a ƙasa. Baba ya damu da jirgin, don shi ne babban abin da muka mallaka. Mutanen tungar a wuri ɗaya suke ajiye jiragensu, a fili, kowa na wucewa yana gani. Baba ya ce shi ba zai bar dukiyarsa a bakin hanya ba ya tafi, kamar yadda ba a barin jaki a bakin kasuwa. Muka tura jirgin can ƙasa da tunga, cikin wani lungu mai dogayen ciyayi inda ba mai zuwa. Ni kuwa na zo da turkena. Na kafa shi a daidai bakin ruwa, na buga shi da dutse har sai da ya kusa shigewa ƙasa, na jawo hancin jirgin na haɗa shi da turken, na yi masa ɗaurin da ko ingarman jaki ba zai tsinke ba. Ko taki ɗaya jirgin ba zai motsa ba.

Arzika yana tsaye yana sosa ƙafa da ƙafa. Ya ce, "Baba, mutanen nan ba su ɗamre jirgi haka. Igiya da tsawo sukan bar ta."

Na ce wa ya tambaye shi.

Ya ce, "Kaka ya ce ruwa na tahowa."

Baba ya ɗaga kai ya dubi sama, ba ko ɗigon gajimare. Ya dubi turken, ya sa ƙafa ya taka igiyar ya ji ta kamar tsarkiya. Sannan ya ce, "Bar yayanka shi yi aikinai. Ya san ɗamri."

Wannan ne karo na farko da ubana ya yabe ni ba ta bakin jaki ba. Na ɗauki maganar na tafi da ita har ƙauyenmu. A hanya ni ne gaba, na san inda ake ratsewa, na san rijiyar da ruwanta ke da daɗi, Arzika yana baya yana ɗingishi don ƙafarsa ta manta ƙaya. A wurin biki na ci tuwon gero har na kasa tashi. Na tabbata a raina an gama magana, in mun koma ni ne a bayan jirgi.

Abin da ba mu sani ba, mu mutanen tudu, shi ne Kwara sau biyu take cika. Akwai cikar damina, wadda kowa ya gane, ruwanta ja ne da laka. Akwai kuma wadda suke kira baƙin ruwa, mai zuwa a tsakiyar sanyi, ba hadari ba tsawa. Ruwan saman wasu ƙasashe ne masu nisa, yana tafe a hankali wata da watanni, ya iso a tace, yana hawa kaɗan-kaɗan kullum kamar mai satar hanya. A tudu in ba a ga hadari ba ruwa ba ya ƙaruwa a ko'ina. Wannan shi ne duk iliminmu, kuma a inda muka fito gaskiya ne.

Da muka dawo da hantsi, da dammunan gero a kai, tun daga nesa muka ga gaɓar ta matso. Wurin da mata ke wanki ya shige ruwa. Baba ya sauke kayansa bai ko sha ruwa ba ya nufi lungun, muna biye. Ba mu ga turken ba. Abin da muka gani gindin jirgin ne ya ɗaga sama kaɗan, yana juyawa a hankali, hancinsa kuwa yana can ƙasa inda na ɗaure shi. Ruwa ya yi ta hawa, jirgin yana son ya hau tare da shi, igiyata ta hana. Da ya cika, igiyar ruwa ta yi ta murɗa shi har katakon gaba ya tsage. Jiragen mutanen tungar kuwa suna can a fili, kowanne ya hau da ruwan, yana lilo a kan doguwar igiyarsa. Da a cikinsu muka bar namu, ko da ɗaurina ne, wani mai wucewa zai sassauta shi.

Arzika ne ya nutse ya yanke igiyar, don ɗaurin ya ƙi kwantuwa. Kafin a jawo jirgin gaɓa rabin tunga ta taru. Kaka ya zo yana dogara sanda, ya karɓi guntun igiyar ya juya ƙullin a hannunsa, ya daɗe yana dubawa kamar abin sha'awa. Ya ce, "Wa ya turke wanga jirgi?" Ya sake juya ƙullin. Ya ce, "Ɗamri dai ya yi kyau. Dusa kaɗai kuka manta ku aje mashi." Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya riga ni. Ya ce, "Ni na ce a ɗamre shi haka." Kaka ya ga fuskarsa, ya bar wasan, ya ce ba komai, katako ne, zai gyaru, kowane baƙo da irin gaisuwar da gulbi ke yi masa. Amma sunan ya riga ya kama. Har muka girma, in ana kwatancen gidanmu sai a ce gidan masu turke jirgi.

Baba bai dake ni ba, bai yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya bai sake tayar da maganar ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Abin da na lura shi ne in muna bakin ruwa ba ya iya haɗa ido da ni. Ina tsammanin in ya dube ni kansa yake gani, yana taka igiya yana duban sama, a gaban ƙaramin ɗansa da ya faɗa masa gaskiya ya ƙi ji. Da aka gama gyaran jirgin, ranar kasuwa ta zagayo, aka loda buhunan gumin Inna. Na tsaya kusa, na wanke ƙafa, na sa rigata mai kyau. Baba ya shiga ya zauna a gaba, ya gyara hularsa, ya ce, "Arzika, ɗauko sanda." Ni kuma, ba tare da ya juyo ba, ya ce kai, a duba tumakin nan kada su shiga gonar mutane.

Daga nan rayuwata a tungar ta zama ta gaɓa. Na iya komai na tudu da ake bukata a wurin, ni ne mai itace, mai tumaki, mai gyaran danga, kuma ba wanda ya raina aikina. Amma duk ranar kasuwa ina ganinsu suna tafiya, Baba a gaba, Arzika a tsaye a baya, suna ƙanƙancewa har su zama ɗigo ɗaya. Da la'asar sakaliya su dawo, Arzika yana warin kasuwa, yana ba Inna labarin mutanen ƙetare da ke zuwa daga ƙasar Faransi, maƙwabciyarmu, da atamfa da gishiri, da yadda wani ya yi ciniki da harshe uku. Yakan kawo mini ƙuli-ƙuli ko rake, ya ce Baba ne ya ce a kawo wa yaron nan. Nakan karɓa in ba tumaki. Akwai lokacin da na yi fatan jirgin ya kife da shi a wuri marar zurfi, ba don ya mutu ba, don dai a yi masa dariya sau ɗaya. Bai taɓa kifewa ba.

Bayan wasu damuna aka aiko wa mai gari cewa kowane gida mai yara maza ya ba da ɗaya a kai makarantar boko. A lokacin ba gata ba ne, mutane ɓoye 'ya'yansu suke yi, wanda aka bayar shi ne wanda gida zai iya rayuwa ba shi. Mai gari ya zo gidanmu ya zauna a kan tabarma, ya ce ya san Arzika yaro ne mai kai, harshe uku a bakinsa, shi ya dace. Ina bayan zana ina ji. Baba ya ce in an ɗauke Arzika wa zai tsallaka da shi, a ɗauki babban. Haka na bar tungar. Na yi karatu, na yi aiki a gidan rediyo a birni, na ci abinci da muryata har na yi ritaya. Duk wanda ya ji labarin nan sai ya ce ai ni ne na yi sa'a, igiyar nan alheri ta zame mini. Nakan ce haka ne, don ba a musu da mai yi maka murna. Amma na san ba zaɓena aka yi ba, rage ni aka yi.

Yanzu kunyar ɗan fari ma ta tafi tare da sandar tuƙi. Ina ganin samari a tungar sun ɗora ɗan farinsu a kan tankin babur, suna kiran sunansa a gaban kowa, suna saya masa alewa. Tsofaffi irina suna cewa zamani ya lalace. Ni kuwa in na duba zuciyata da kyau ba fushi nake yi da iyayen ba, yaran nake yi wa hassada. Yaron yau ba ya bukatar jaki ko jirgi kafin ya samu ubansa. Mu kuwa sai ta hanyar aiki, in aikin ya kuɓuce maka shi ke nan.

Arzika yana nan a tungar, ya tsufa fiye da ni ko da yake na girme shi, rana da ruwa sun cinye masa ido. 'Ya'yansa ne ke da jirgin inji yanzu. Da na je bana muka zauna a inuwar ɗakinsa bayan azahar, aka kawo mana fura, yana ta ce mini Yaya kamar jiya muka rabu. Baba ya daɗe da rasuwa, ina birni aka aiko mini, kafin in iso an rufe shi. Na daɗe ina son in yi wa Arzika wata tambaya, girman kai yana hana ni. Ranar dai na yi ta. Na ce duk shekarun nan da suka yi suna hawa da sauka a ruwa, su biyu kaɗai, me Baba yake ce masa. Na so ya ba ni ko magana ɗaya ce in tafi da ita.

Ya yi tunani sosai, sannan ya ce Baba ba ya magana a ruwa, har ya mutu tsoron ruwan yake ji. In yana son a karkata sai ya ɗan jingina gefe, shi Arzika kuma ya ji a tafin ƙafarsa. In ciniki ya yi kyau zamansa daban, in bai yi ba daban, tun kafin su bar gaɓar Lolo ya sani. Ya kurɓi fura ya ajiye ludayin.

Ya ce, "Ni na fara sanin ba shi da lahiya, Yaya, tun Inna ba ta sani ba. Gaban jirgi ya bar nutsewa kamar da. Na ji ya yi sauƙi."

Ya faɗe ta ne kamar mai ba da labarin farashin kifi, ya juya yana kiran jikarsa ta kawo mana ruwa. Ni kuwa na zauna riƙe da ƙwaryar. Na karanta labaran duniya da bakina shekara da shekaru, na san sunayen manyan mutane da garuruwan da ban taɓa takawa ba, amma ban san nauyin ubana ba. Arzika ya sani, a ƙafarsa, kuma ba abu ne da zai iya gutsura mini ba ko da ya so.